Yadda Ake Tara Tsofaffin Kayan Aikin Allura, A Ɗinka Wa Yaro Rigar Da Za Ta Kai Ga Ƙannensa

A gidanmu na unguwar Bagalam, a Maraɗi, akwai wani gwangwanin biskit da tun ina ƙarama ban taɓa ganin biskit a cikinsa ba. Duk yaron da kwaɗayi ya kai shi ya buɗe, abin da zai tarar shi ne tulin zare, da allurai soke a jikin wani jan ƙyalle, da ɗan almakashi mai baki kamar na tsuntsu, da safi na fatar jar akuya wanda gumin yatsa ya mayar baƙi. Na Gwaggo ne, yayar mahaifinmu. Da zaren cikin gwangwanin nan na yi aikin wuyan rigar da ƴaƴana uku suka yi sallah da ita ɗaya bayan ɗaya, yanzu kuma tana wuyan ɗan ƙanwata a Tibiri. Jikin rigar sau biyu ana sake shi. Aikin wuyan kuwa shi ne dai na farko.

To hanyar ke nan da zan bi da ke. Yadi yana mutuwa a hannun yaro, babu dabarar da za ta hana. Aikin allura shi ne mai tsawon rai, don haka daban ake yin sa, a kan allon wuya mai zaman kansa, yadda za a ciro shi daga tsohuwar riga a ɗora a sabuwa. Ba ni na ƙirƙiro ba. Masu aikin babbar riga sun daɗe suna yi wa aljihu aiki daban kafin a haɗa shi da jiki. Ina magana da ke mace don mata na fi koya wa, amma maza ku matso, asalin aikin riga ai naku ne.

Inda ake samun kayan

Ki fara da gida kafin kasuwa. Ƙasan adaka, cikin kwalla, tsohuwar jakar Makka da aka rataye a ƙusa, nan suke. Matan da suka yi lakwal ko gidan koyon sana'ar mata a shekarun 1970 da 1980 da yawansu sun koyi aikin zanin gado da rigar matashi, irin mai furanni da ake jerawa a ɗakin amarya, kuma da wuya a ce sun ƙarar da zarensu. Sai dai abu ɗaya: in mai kayan ta rasu, ko allura ɗaya ce gado ce. Ki nemi magada su ba ki da bakinsu, ko ki saya a sa kuɗin cikin rabo. Kada ki ce ai ba wanda ya damu da shi. Ranar da aka ga rigar a jikin ɗanki a filin idi, ranar za a damu.

Bayan gida sai dillaliya. Ita ce ke shiga inda ba ki shiga. Ki nuna mata samfuri a hannu, don in kika tsaya kwatance za ta kawo miki zaren saƙar hular sanyi. Daga nan sai ƴan koli na Babbar Kasuwa, musamman dattawan da rumfarsu ta daɗe. Ki tambayi abin da ya yi kwantai a ƙasan kwali, ba wanda aka rataye a gaba ba. Tsofaffin teloli da ido ya fara gajiya su ma suna da abin mamaki. Wani dattijo da na je wa na gaishe shi na ce, "Baba, ko akwai tsohon zaren aiki da ba ka amfani da shi?" Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke ce ta farko da ta tambaya tun da injin surfani ya shigo garin nan." Ya jawo buhu guda daga ƙarƙashin teburinsa, har da takardun zayyana na aska biyu da tambari, irin adon babbar riga, da aka zana da tawadar allo. Jika biyu na sefa na miƙa masa, ya mayar mini da ɗaya.

A wajen ƴan gwanjo kuwa jefi-jefi akan ci karo da ƙunshin Turawa wanda ba a ko buɗe ba: ƙyalle, zare kala-kala, allura, da takarda mai hoton abin da za a ɗinka. Wanda ƙyallensa ke da ƙananan ramuka jere kamar gidan dara, na ƙirga ne, in takardarsa ta ɓace zaren kaɗai za ki mora. Wanda aka buga wa hoto a kan raga mai tauri, zarensa na ulu, wannan na rataye a bango ne, ba ruwansa da rigar yaro a zafin Maraɗi. Da yawa kuma hoton karnuka ne da mutane. Ni dai nakan ɗauki zaren da furannin gefe in bar sauran.

Yadda za ki gane abin da ke hannunki

Kada ki yar da ƴar takardar da ke ɗaure da zaren, ita ce shaidarsa. Wanda ya fi yawa a tsofaffin gwangwanayen ƙasar nan shi ne DMC, na wani kamfani da ke garin Muluz a Faransa tun 1746. Kowane ƙulli mita 8 ne, sili shida a murɗe wuri ɗaya, kuma kowace kala da lambarta: 310 baƙi ne, 321 ja ne. Amfanin lambar shi ne in zare ya ƙare miki a tsakiyar aiki kin san abin da za ki aika a nemo, ko da yake tsoho da sabo ba sa rasa ɗan bambancin haske. Akwai kuma Anchor, na kamfanin Coats wanda asalinsa garin Fezli ne a Sikotilan, shi ya fi biyowa ta Kano da Katsina. Lambobinsu daban suke, kada ki haɗa.

Akwai dalilin da ya sa zaren da aka ajiye kafin tsakiyar shekarun 1990 yakan fi na bayansa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Faransa kuɗinsa ya ninka dare ɗaya. Mata suka koma wa zare mai araha, mai ƙyalli a rumfa, mai zuba a wanki. Amma kada tsufa ya ruɗe ki. Wata dillaliya ta taɓa rantse mini cewa ƙunshin da ta kawo tun zamanin Ɗan Baskore yake, Sarkin Maraɗi na ƙarni na 19, ga kuma zanen nan na layi-layi da injin kanti ke karantawa a jikin takardarsa, abin da duniya ba ta fara amfani da shi ba sai 1974. Na ce, "Hajiya, ashe Sarki ma kanti yake zuwa." Muka yi dariya, ta rage kuɗi. Gwaggo takan ce duk wanda ya nuna miki kayan Maraɗi da ya girmi 1945 ki tambaye shi inda ya ɓoye shi, don a shekarar gulbi ya ci tsohon gari aka hauro tudu.

In Allah ya ba ki sa'a za ki ci karo da namu na gargajiya. Tsamiya zare ne mai kauri, launinsa tsakanin fari da ƙasa-ƙasa, ba shi da ƙyalli sosai, ana samun sa daga gidan wata tsutsa mai cin ganyen tsamiya, a dafa da toka a kaɗa. Alharini kuwa siliki ne ja mai ruwan hoda wanda ayarin raƙuma ke kawowa daga Tarabulus ta Sahara a ƙarni na 19. In kin same su, shawarata kada ki sa su a rigar da yaro zai ci tuwo da ita. Ki naɗe ki adana, ko ki yi ɗan ɗigo ɗaya da su a tsakiyar aiki don albarka.

Gwaji uku da ba a tsallakewa

Nan ne zan daɗe, don nan na taɓa ƙonewa. Shekarar da na fara, na sayi wani jan zare a wajen wani mai koli, kyakkyawa kamar jinin tsuntsu. Sati uku ina aiki da shi a kan farar shadda. Daren jajibiri na ce bari in ɗauraye zanen fensir. Ina tsomawa ruwan ya koma zoɓo. Da gari ya waye rigar ta zama ruwan hoda daga wuya har cibiya, yaro ya tafi idi da rigar bara, ni kuwa ko ƙofar gida ban leƙa ba.

Na farko, gwajin ƙarfi. Ki zaro sili ɗaya, ki naɗa a yatsun hannu biyu ki fizga. Lafiyayye zai ɗan yi gardama, har ki ji ya shiga fata, sannan ya tsinke da ƴar ƙara. Wanda rana ko laima ta cinye zai rabu shiru, wani lokaci har da ƙura. Ki gwada daga waje ki gwada daga cikin ƙullin, don sau da yawa bayan ne ya mutu cikin yana da rai. Baƙi da shuɗi mai duhu su suka fi saurin ruɓewa a abin da na gani.

Na biyu, gwajin zuba. Ki yanki kamar tsawon yatsa daga kowace kala, ki ɗinka su jere a kan farin ƙyalle, ki jiƙa da ruwan ɗumi da sabulun da za ki riƙa wanke rigar da shi. Ki ninke ƙyallen a kansu ki danne da dutsen guga mai zafi. Ki buɗe ki duba a rana, ba a ɗaki ba. Ko inuwar kala kika gani, wannan zaren ba na farin yadi ba ne. Za ki ji ana cewa a jiƙa da gishiri. Na gwada, wani ya ragu, babu wanda ya daina. Ja, da shuni, da kore mai duhu, su ne manyan masu laifi.

Na uku, gwajin wuta, don ki san ko mene ne. Ki ajiye kwanon ruwa kusa, ki kama guntun zare da bakin almakashi ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci da sauri, warinta na takarda, tokarta laushi. Siliki da ulu warin gashi suke yi, su bar ɗan baƙin dunƙule mai murƙushewa. Na roba narkewa yake ya dunƙule da tauri kamar tsakuwa, kuma haka zai yi a ƙarƙashin dutsen guga na gawayi. Akwai wani mai ƙyalli sosai da ke ci kamar auduga amma in ya jiƙe ƙarfinsa ya tafi. Shi ma ki bar shi ga abin ado. Ga rigar yaro, auduga a kan auduga.

Allura kuwa ki ja ta tsakanin yatsu. In kin ji kaushi, tsatsa ce, za ta bar jan tabo a yadi, ki yar. Lambar allura in ta hau, allurar sirancewa take yi: 7 ko 8 ta isa sili biyu zuwa uku. Zoben katako da ake ɗame ƙyalle a ciki, in bai tsage ba, ki naɗe na cikin da tsiri na farin ƙyalle, zai riƙe da kyau kuma ba zai ɓata yadi ba.

Kafin ki shigar da su ɗaki

Tsohon kaya ba ya zuwa shi kaɗai. Akwai asu, akwai ƙwan kyankyaso, wani lokaci har gara. Ki kakkaɓe a tsakar gida. Ki naɗe zaren da ƙyallayen a farin zane, ki sa a baƙar leda ki ɗaure, ki ɗora a kan kwano daga hantsi zuwa la'asar, kwana biyu. A watan Afrilu ranar garin nan ba ta bar ƙwai da rai. Mai firiza kuma ta sa kwana uku, in wuta ta zauna. Takardun zayyana ban da su, musamman na Turawa da ake mannawa da guga, zafi na narkar da tawadarsu. Su ki shimfiɗa ki ɗauki hotonsu da waya, ki kwafe a sabuwar takarda, ki sa na asalin tsakanin shafukan babban littafi.

Kafur ɗin nan fari mai kamar alewa, kada ya kusanci kayan jariri. Akwai yaran da aka haifa da wani rauni a jini, kuma suna da yawa a ƙasashenmu, waɗanda warinsa kaɗai ke fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani. Busasshen ganyen bedi da kanumfari a ƙulle cikin ɗan ƙyalle sun wadatar.

Yadi, awo da yanka

Misalin da zan bayar kaftani ne na ɗan shekara 2 wanda zai kai shi 4, kuma mace ma tana sawa. Ki sayi mita ɗaya da rabi na auduga zalla, shadda mai laushi ko wani farin yadi mara nauyi. Ki zare zare ɗaya daga bakinsa ki yi masa gwajin wuta tun a rumfa, in mai kanti ya yarda. Ki wanke sau biyu kafin almakashi ya taɓa shi, ya zubar da sitacinsa ya gama tsukewar da zai yi. Na san shadda in ta sha ruwa ƙyallinta na raguwa. Gara ya ragu yanzu da a ce aiki ya tattare bayan wankin farko.

Ki auna yaronki, amma ga abin da aka fi samu: ƙirjin ɗan shekara 2 wajen santimita 53, na ɗan shekara 4 wajen 58. Kai kuwa ba ya ƙaruwa sosai, daga wajen 48 zuwa 50 ko 51, kuma shi ne ke hana riga shiga, ba ciki ba. Ki yanki jiki falle ɗaya, faɗi 40, tsawo 132, wanda za a ninka a kafaɗa ba tare da ɗinki ba. Lissafin shi ne: 50 tsawon rigar yau, 8 na kalmasar ƙasa, 8 na tattara biyu da za a kwance in ya girma, jimla 66, gaba da baya 132. Hannu biyu, kowane faɗi 26 tsawo 28, biyar daga ciki na kalmasa ne. Sai ƙananan ƙyallaye biyu na hammata, 7 da 7. Kada ki raina su. Yaro hannunsa kullum a sama yake, kuma rigar da ba ta da su a hammata take fara yagewa.

Wajen yanka, ki ja zare ɗaya daga yadin ki bi layin da ya bari. Riga in aka yanke ta a karkace, har ta mutu a karkace take rataya.

Allon wuya

Girmansa in an gama faɗi 18, tsawo 32: 24 a gaba, 8 a baya. Amma ki yanki ƙyallen da ya fi haka, kamar 28 da 42, don zobe ya sami abin kamawa. Ki zana ramin wuya, faɗi 10, zurfi 5 a gaba da 2 a baya, da tsaga mai tsawon 13 daga ramin zuwa ƙirji. Zanawa kawai na ce. Ba a yanka wuya sai aiki ya ƙare, in ba haka ba bakin zai saki ya yi baki-wangale.

Zayyana ki zaɓi ƙarama. Aska takwas ta babbar riga ce, ba ta shiga ƙirjin yaro. Aska biyu ƙanana, ko ɗan tambari a ƙarƙashin tsaga, ko dagi, ko reshen fure daga tsohuwar takardar kakarki, sai layin sarƙa biyu su zagaye wuya su sauko gefen tsaga. Ki manna takardar a gilashin taga ko ki ɗora a kan fitilar waya, ki shimfiɗa ƙyallen ki bi da fensir mai tsini, a hankali. A yadi mai duhu ki yi da bakin siririn sabulu. Bik da takardar kabon kuwa ba sa fita, kada ma ki fara. A da malamai ne ke yi wa masu aikin riga zayyana da alƙalami da tawada, don hannunsu ya saba da layi. In akwai mai kyan rubutu a gidanku, ki ba shi ya zana miki.

Zare kamu ɗaya ake yanka, daga yatsa zuwa gwiwar hannu. In ya wuce haka zai gaji da shiga da fita ya yi gashi, balle tsoho. Ki zare sili ɗaya-ɗaya sannan ki haɗa biyu ko uku, sun fi kwanciya. Ba a ƙulli a baya. Ki bar ɗan wutsiya ki danne ta da sukar farko huɗu ko biyar, in kin gama ki cusa ƙarshen a ƙarƙashin aikin. Ƙulli yana kwancewa a wanki, kuma yana fitowa kamar ƙurji a ƙarƙashin guga.

Ɗinki uku sun ishe ki. Sarƙa ita ce ta layi: ki fito da allura, ki mayar a ramin da ta fito, ki sake fitowa ɗan gaba kaɗan zaren yana ƙarƙashin bakinta, ki ja har ya zama ido, kada ki shaƙe shi. Ciko na cike ganye ko bakin aska ne, suka kusa da suka, amma kada tsawon ɗaya ya wuce rabin santimita. Dogon zare a fili farcen yaro yake jira. In wurin yana da faɗi ki raba shi gida-gida. Na uku huji ne, irin ƙananan idanun da ke cika aikin babbar riga. Ba yankawa ake yi ba, ki buɗa zaren yadin da basilla, sannan ki zagaye ramin da suka daga tsakiya zuwa waje. A gwangwanin Gwaggo ƙayar beguwa na tarar, da ita take buɗawa, kuma ta fi basilla santsi.

Ki yi aiki da safe ko bayan la'asar a inuwa mai haske, hannu a wanke, ban da sabon lalle da man shafawa. Kowace rana in kin tashi ki cire zoben. In zaren wata kala kaɗan ne, ki raba shi biyu tun farko, rabi na dama rabi na hagu, kada ki gama gefe ɗaya ki tsaya kallon ɗayan. Duwatsun ado da ƙananan maɓallai ba na yaron da bai kai 3 ba ne, baki yake kai su. Igiya a wuya ma haka.

Da kin gama, ki wanke allon, ki kife shi a kan tawul ki goge ta baya. Ki yanki shafi na auduga mai laushi daidai girmansa, ki haɗa su fuska da fuska, ki ɗinke zagayen ramin wuya da gefe biyu na tsaga. Yanzu ne za ki yanka ramin, ki tsattsaga bakin kwana kaɗan-kaɗan, ki tura shafin ta ramin ya koma baya. Gefen waje ki lanƙwasa na sama da na ƙasa ciki ki kama da hannu. Ƙarshen tsaga ki yi masa suka biyar ko shida a kan juna, nan ne ke shan wahala duk sanda aka cusa kai. Allo ya zama abu mai zaman kansa ke nan, gaba da baya a rufe.

Haɗa rigar

Wannan ba wuya, ko a keken Singer ko Butterfly na gida, ko ki kai wa tela ki tsaya a kansa. A jikin rigar a yanka rami da tsaga da suka ɗara na allon da rabin santimita, a kalmashe bakinsu. A haɗa hannu da ƙyallen hammata, a rufe gefe da ɗinki biyu: na farko ta fuska, a rage baki, a juya, na biyu ta ciki ya haɗiye na farko, yadda babu zaren da zai tsira ya sosa fata. A bar tsaga 10 a kowane gefe ta ƙasa. Tattara biyu, kowace zurfin 2, a sama da kalmasa, da manyan suka don kwancewa ta yi sauƙi. Kowace in an kwance tana ba da 4, kalmasa kuma tana iya ba da 5.

Ɗora allon kuwa da hannunki za ki yi, kada ki bar wa keke. Ki daidaita ramin da ramin, ki kama da ƙananan suka a ɓoye, zagayen waje da zagayen wuya, kina ɗaukar bakin shafi kawai ba fuskar aikin ba. Ranar ciro shi, bakin almakashi zai bi wannan zaren ba tare da ya taɓa sarƙa ko ɗaya ba.

A bayan shafin nakan ɗinka shekara da harafin farko na sunan duk wanda ya sa. Na ɗan fari shekara kawai na sa, kin dai san dalili, gwaggonsa ce ta zo ta ƙara harafin.

Wanki da ajiya

Da hannu, ruwan sanyi, sabulu mai sauƙi, a juye. Ban da ruwan jabel, ban da murza wajen aikin, ban da matsewa kamar tsumma. Tabon miya a tare shi a ranar. A shanya a inuwa. Guga ta baya a kan tawul, kuma mai dutsen gawayi ta shimfiɗa ƙyalle a tsakani saboda tartsatsi. Kada ki kai ta wajen masu bugu, sandarsu ta shadda ce, aikin allura lallasa shi take. Humra da turaren mai a shafa wa yaro a jiki kafin ya sa rigar, don tabonsu ba ya nunawa sai bayan watanni, ya fito rawaya.

In za a ajiye, a wanke ko da sau ɗaya aka sa, kuma ban da sitaci, shi ne abincin kyankyaso. A naɗe a wankakken farin zane, ba leda ba, leda tana riƙe laima. Akwatin ƙarfe a shimfiɗa masa zane a ciki saboda tsatsar damina, a ɗora shi a kan bulo nesa da bango. Sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da kuma bayan kaka, a fito da ita ta sha iska, a sake ninkin ta wani wuri daban, a canja ganyen bedi.

Sanda kika ga layin tsohuwar kalmasa ya yi fari ya ƙi fita, ko gaban rigar ya yi shara-shara har ana hango yatsa, jiki ya gama nasa. Ki warware allon, ki ɗaga shi a rana ki duba inda sarƙa ta tsinke, ki gyara da ragowar zaren da kika ɓoye tun ranar farko a cikin ambulan mai lambar kala. In shafin ya gaji ki sake shi, amma ki yanko wurin haruffan ki mayar a kan sabon. Namu da aka kai Tibiri a kan shuɗin yadi aka ɗora shi, don uwar yaron ta ce ita ba ta iya wankin fari kowace Juma'a.